Wane bincike ya kamata a fara zuba wa kuɗi? Tambayoyi da amsoshi kan lissafin tattalin arziki wajen zaɓen binciken fasahar lafiya

Kowace hukuma mai ɗaukar nauyin binciken lafiya tana samun buƙatun da suka ninka abin da ke asusunta. Wani na son a gwada sabon magani, wani na son a kwatanta hanyoyin tiyata biyu, wani kuma yana ganin gwajin jini ne ya fi gaggawa. Wannan shafi yana bayani kan hanyoyin da masana tattalin arzikin lafiya ke bi don jera waɗannan buƙatu, da inda hanyoyin suke da ƙarfi, da inda suke tangal-tangal.

Me ake nufi da tantance fasahar lafiya?

Fasaha a nan ta haɗa da magani, allurar rigakafi, na'ura, tiyata, gwajin gano cuta, har da tsarin aiki kamar yadda ake rarraba ma'aikatan jinya. Tantancewar ita ce a zauna a auna ko abin yana aiki, ko yana da illa, nawa yake ci, kuma ko ya fi abin da ake amfani da shi yanzu. Majalisar dokokin Amurka ta kafa ofishin tantance fasaha a 1972, aka rufe shi a 1995. Suwidin ta kafa hukumarta mai suna SBU a 1987, Kanada ta bi a 1989, Birtaniya ta fara shirin binciken tantance fasahar lafiya a 1993 sannan ta kafa NICE, hukumar da ke tantance magunguna da hanyoyin jinya, a 1999, Jamus kuma ta kafa IQWiG a 2004.

Me ya sa sai an yi lissafi kafin a zaɓi bincike? Ai kowane ilimi da amfaninsa.

Da amfaninsa, amma bai zo daidai da na wani ba. Kuɗin da aka kashe a kan gwaji ɗaya an hana wa wani gwajin ne, ko kuma an hana wa asibiti. Haka ma lokacin likitoci da kuma marasa lafiyar da suka yarda a yi gwaji da su, waɗanda suka ba da jikinsu bisa amanar cewa abin da za a gano zai amfani wani.

A 2009 Iain Chalmers da Paul Glasziou sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na abin da ake zubawa a binciken lafiya yana tafiya a banza. Cikin dalilan da suka kawo har da yin tambayar da ba ta dami marasa lafiya ko likitoci ba, da tsara gwaji ba tare da duba abin da aka riga aka gano ba, da ƙin wallafa sakamako. Ana iya gardama kan adadin, amma dalilin farko shi ne ainihin batun wannan shafi. In tambayar ta karkace tun daga tushe, ƙwarewar masu binciken ba za ta miƙe ta ba.

To ba sai a fara da cutar da ta fi kashe mutane ba?

Wannan ita ce hanya mafi daɗewa, kuma tana da hujjarta. Ana auna nauyin kowace cuta a kan al'umma, a raba kuɗin bincike gwargwadon nauyin. Rahoton Bankin Duniya na 1993 ya yaɗa ma'aunin DALY, wanda ke haɗa shekarun da mutuwar wuri ta cinye da shekarun da aka rayu cikin nakasa ko jinya. Tun kafin nan, a 1990, wani kwamitin ƙasa da ƙasa kan binciken lafiya da ci gaba ya nuna cewa ɗan kaɗan ne daga kuɗin binciken duniya ke zuwa ga cututtukan ƙasashe masu tasowa, alhali a can ne mafi yawan mace-macen da za a iya hanawa suke. Abin da daga baya aka riƙa kira giɓin 10/90 ke nan, wato kusan kashi 10 na kuɗin bincike ne ke zuwa ga matsalolin da ke ɗauke da kashi 90 na nauyin cuta. Ma'aunin nauyin cuta ya yi babban aiki wajen fallasa wannan rashin adalci.

Sai dai girman cuta bai gaya maka abin da bincike zai iya yi a kanta ba. Akwai cutar da ke kashe ɗimbin yara, amma an san maganinta sarai, abin da ya rage shi ne isar da shi. Ƙarin gwaji kan ko maganin yana aiki ba zai ceci ko da yaro ɗaya ba. Akwai kuma cutar da ba ta kai ta yawa ba, amma likitoci sun rabu gida biyu kan yadda za a yi jinyarta, kuma ɗaya daga cikin ɓangarorin yana cutar da mutane bai sani ba. A ganina nauyin cuta ya dace da nuna fagen da za a duba. Zaɓen takamaiman tambayar da za a biya kuɗin amsarta yana buƙatar wani ma'aunin.

Da me ake auna lafiya har a kwatanta ta da kuɗi?

Hukumomi da yawa suna amfani da QALY, wato shekara ɗaya ta rayuwa cikin cikakkiyar lafiya. Shekara biyu da mutum ya yi da rabin lafiya suna daidai da QALY ɗaya. Daga nan sai a tsayar da iyakar abin da tsarin lafiya zai iya biya don samun QALY guda. NICE ta shafe shekaru tana aiki da fam 20,000 zuwa 30,000.

Wannan iyaka ba farashin ran ɗan Adam ba ce. Tana nuna lafiyar da wasu marasa lafiya za su rasa ne idan aka ɗebe wannan kuɗi daga hidimarsu aka kai wani wuri. Karl Claxton da abokan aikinsa a Jami'ar York sun ƙiyasta a 2015 cewa hukumar lafiya ta Ingila tana samar da QALY ɗaya da kusan fam 13,000. In haka ne, duk maganin da aka saya a kan fam 30,000 kowace QALY yana iya ɗauke wa al'umma lafiyar da ta fi wadda ya kawo.

Mene ne darajar bayani, kuma yaya ake lissafa ta?

Nan ne zuciyar batun. Tunanin ya samo asali daga ilimin yanke shawara, musamman aikin Howard Raiffa da Robert Schlaifer na Harvard a farkon shekarun 1960, sannan masana York suka shigo da shi fagen lafiya daga tsakiyar shekarun 1990. Abin da yake cewa shi ne: dole hukuma ta yanke shawara yau da ilimin da ke hannu, kuma akwai yiwuwar ta yi kuskure. Darajar bincike ita ce asarar da zai hana ta hanyar rage yiwuwar wannan kuskure.

Ga misali da alƙaluman da na ƙaddara don bayani kawai. Akwai sabon magani da ake kwatantawa da tsoho. Bisa hujjojin da ake da su, akwai yiwuwar kashi 70 cikin 100 cewa sabon ya fi, kuma in ya fi, kowane marasa lafiya 100 za su ci ribar QALY 4 bayan an cire kuɗinsa. Akwai kuma yiwuwar kashi 30 cewa bai fi ba, kuma a wannan hali za a yi asarar QALY 5 a kowane mutum 100. In aka haɗa: 0.7 sau 4 ya ba da 2.8, 0.3 sau 5 ya ba da 1.5, ribar da ake sa rai ita ce 1.3. Saboda haka shawarar da ta dace yau ita ce a karɓi sabon magani.

Yanzu a ƙaddara akwai wanda zai iya gaya wa hukumar gaskiyar lamarin ba tare da kuskure ba. In ya ce sabon ya fi, a karɓa a samu ribar. In ya ce bai fi ba, a zauna kan tsohon, ba a yi asarar komai ba. Ribar da ake sa rai ta tashi daga 1.3 zuwa 2.8. Bambancin nan na 1.5 shi ne darajar cikakken bayani, wadda masana ke taƙaitawa da EVPI. Idan mutum 20,000 ne za su buƙaci maganin kowace shekara har shekara 10, mutum 200,000 ke nan, darajar ta kai QALY 3,000. A kan fam 20,000 kowace ɗaya, fam miliyan 60. Ana rage wani abu daga wannan adadi saboda amfanin da zai zo bayan shekaru bai kai na yau daraja ba, kuma NICE tana rage kashi 3.5 cikin 100 a kowace shekara.

Sai a sauya abu ɗaya. A ce tabbacin da ake da shi kashi 99 ne, kokwanton kashi 1 kacal. Cutar ba ta ragu ba, yawan marasa lafiyar bai canza ba, amma darajar cikakken bayani ta faɗo zuwa QALY 100, wato fam miliyan 2. Gwajin da zai ci fam miliyan 5 ba shi da hujja a nan, komai kyawun tsarinsa. Abu uku ne ke ɗaga darajar bayani: girman kokwanto, munin abin da zai biyo baya in an yi kuskure, da yawan mutanen da shawarar za ta shafa kafin fasahar ta tsufa.

Amma ai babu binciken da ke kawo cikakken bayani.

Gaskiya ne, shi ya sa EVPI rufi ne kawai. Amfaninsa shi ne tace buƙatu: duk binciken da kuɗinsa ya haura rufin, a ajiye shi. Wanda ya tsallake sai a ƙara masa tambaya biyu.

Ta farko, a ina kokwanton yake? Shawara tana dogara ne kan abubuwa da yawa: ƙarfin magani, tsawon lokacin da amfaninsa ke ɗauka, yawan illarsa, kuɗin kwanciya asibiti, yadda marasa lafiya ke jin rayuwarsu. Ana lissafa darajar kawar da kokwanto a kan kowane ɗaya, abin da ake kira EVPPI. Wannan mataki ne nake ganin ya fi kowanne amfani ga mai rabon kuɗi, domin yakan nuna cewa abin da ake nema ba babban gwajin asibiti ba ne. Wani lokaci bibiyar waɗanda suka riga suka sha maganin na wasu shekaru, ko tattara bayanan da ke kwance a rajistar asibitoci, zai warware matsalar da kuɗi kaɗan.

Ta biyu, nawa takamaiman gwajin da aka tsara zai rage kokwanton? Wannan ita ce EVSI. Gwaji da mutum 300 zai rage wani abu, gwaji da mutum 3,000 zai rage fiye da haka, amma ƙarin da kowane sabon mahalarci ke kawowa yana raguwa alhali kuɗinsa bai raguwa. In aka cire kuɗin gwajin daga darajarsa, abin da ya rage shi ne ribar binciken. Da wannan ake jera buƙatu daga fagage daban-daban a kan sikeli ɗaya, kuma da shi ake sanin girman gwajin da ya dace.

An taɓa ganin inda kokwanto irin wannan ya ci rayuka a zahiri?

An gani. Shekaru da dama likitoci a ƙasashe da yawa suna ba waɗanda suka ji mummunan rauni a ka maganin sitiroyid, bisa tunanin zai rage kumburin ƙwaƙwalwa. Wasu asibitoci na bayarwa, wasu ba sa bayarwa. Da aka tattara ƙananan gwaje-gwajen da aka yi a 1997, sakamakon bai tsaya ko'ina ba: yana iya zama maganin yana ceto, yana iya zama yana cutarwa. Sai aka fara gwajin CRASH a 1999, aka raba marasa lafiya gida biyu ta ƙuri'a. An dakatar da shi a 2004 bayan mutum 10,008 sun shiga, domin cikin mako biyu kashi 21.1 cikin 100 na waɗanda aka ba sitiroyid sun mutu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 17.9. Daga baya masana York sun koma kan hujjojin da ake da su kafin gwajin suka nuna cewa lissafin darajar bayani zai iya haska muhimmancinsa tun kafin a fara.

Gwajin FEAST da aka yi a Yuganda, Kenya da Tanzaniya ya fi taɓa zuciya. Ɗura wa yaro mai zazzaɓi mai tsanani ruwa da sauri ta jijiya abu ne da aka ɗauka ceto ne. Sakamakon da aka wallafa a 2011, kan yara 3,141, ya nuna cewa cikin awa 48 kimanin kashi 10.5 na waɗanda aka yi wa hakan sun rasu, waɗanda ba a yi wa ba kuma kashi 7.3. Darasin lissafi a nan shi ne cewa tsohuwar hanyar jinya mai arha, wadda ake yi wa dubban mutane kullum ba tare da ƙwaƙƙwarar hujja ba, sau da yawa ta fi sabon magani mai tsada cancantar bincike. Ba kamfanin da zai ci riba daga gwada ta, don haka in asusun gwamnati bai ɗauki nauyi ba, babu mai ɗauka.

Akwai wata hanya ban da darajar bayani?

Akwai hanyar ƙiyasta abin da bincike zai mayar. Martin Buxton da Stephen Hanney na Jami'ar Brunel sun tsara ta a 1996, suna duba amfanin bincike ta fuskar ilimi, manufofin gwamnati, lafiya da tattalin arziki. A 2003 Joy Townsend da Buxton da Harper suka fitar da tsarin PATHS. A cikinsa ana ƙaddara sakamako uku: gwajin ya goyi bayan fasahar, ya ƙi ta, ko ya ƙare ba a fayyace ba. Sai a tambayi masana yadda aikin likitoci zai sauya a kowane hali, a kwatanta da yadda zai tafi in ba a yi gwajin ba. Ta fi sauƙi, kuma tana kula da halin mutane. Rauninta shi ne dogaro da hasashen masana, waɗanda galibi su ne ke son a yi binciken.

Akwai kuma hanyar ba da maki: a jera ma'aunai kamar yawan masu cutar, tsada, bambancin aiki tsakanin asibitoci da adalci, a ba kowanne nauyi, a tara. Cibiyar ilimin likitanci ta Amurka (Institute of Medicine) ta ba da shawarar irin wannan tsari a 1992.

In an gano amsar amma likitoci ba su canza ba fa?

To kuɗin ya tafi, lafiyar ba ta zo ba. A 1972 Graham Liggins da Ross Howie sun nuna a New Zealand cewa ba mai juna biyu da za ta haihu kafin lokaci allurar sitiroyid yana taimaka wa huhun jaririn. An yi ta maimaita gwajin, amma amfani da shi bai bazu sosai ba sai bayan bitar da ta tattara gwaje-gwajen a wajajen 1990 da matsayar da cibiyoyin lafiya na Amurka suka fitar a 1994. A tsakanin nan jarirai sun mutu da abin da aka riga aka san maganinsa. Saboda haka masana suka ƙara wani lissafi, darajar aiwatarwa, wanda ke kwatanta kashe kuɗi kan sabon bincike da kashe shi kan horar da ma'aikata, samar da kaya da gyara ƙa'idojin jinya. Ba safai masu bincike ke son jin sakamakon wannan kwatance ba, amma ya kamata a riƙa yin sa kafin a amince da kowane babban gwaji.

Shin a karɓi fasaha yanzu ana bincike, ko a jira sakamako?

Jira yana hana marasa lafiyar yau abin da wataƙila zai amfane su. Karɓa kuma tana iya kashe binciken, domin da zarar magani ya shiga hannun kowa, da wuya wani ya yarda a sa shi a ɓangaren da ba za a ba shi ba, kamfanin ma ba shi da sauran dalilin biyan kuɗin gwaji. In fasahar tana buƙatar gina ɗakuna, sayen manyan na'urori da horar da ma'aikata, komawa baya ya fi wuya. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. NICE tana da matsayar amincewa da amfani da fasaha a cikin bincike kaɗai, kuma tun 2016 asusun magungunan ciwon daji na Ingila yana ba da wasu magunguna na wucin gadi yayin da ake tattara ƙarin hujja. Rage farashi ma yana sauya lissafin: in magani ya yi arha, kuskure a kansa ba ya da tsada sosai.

Ina waɗannan hanyoyi suke da rauni?

Lissafin yana auna kokwanton da aka saka a cikinsa ne kawai. In masu ƙirar lissafin sun amince da wani zato da bai inganta ba, darajar bayanin za ta fito ƙarama alhali haɗarin babba ne. Tsawon shekarun da fasaha za ta yi kafin a maye gurbinta hasashe ne, kuma ninka shi yana kusan ninka sakamakon. Gina cikakkiyar ƙira yana cin watanni, shi ya sa ba a yi wa kowace buƙata, sai manya masu tsada.

Abin da ya fi damuna shi ne batun adalci. Tunda ana ninkawa da yawan mutane, cutar da ke kama 'yan kaɗan kullum za ta sauka ƙasan jeri. QALY ɗaya ga mai tsananin jinya da QALY ɗaya ga mai ƙaramin ciwo daidai suke a lissafi, sai in an ƙara wa ɗaya nauyi da gangan. Hukuma tana da ikon ƙara wannan nauyi, kuma ya kamata ta yi shi a fili, ta faɗi nawa ta ƙara da dalilinta. Sannan hanyoyin nan an yi su ne don binciken da ke da shawara a gabansa. Binciken ɗakin gwaji da ke neman fahimtar yadda ƙwayar halitta ke aiki ba ya shiga wannan sikeli.

Marasa lafiya suna da ta cewa?

Dole su kasance da ita, domin lissafi yana jera tambayoyin da aka kawo masa ne, ba ya ƙirƙirar su. Wani nazari da aka wallafa a 2000 kan ciwon sanyin gwiwa ya nuna cewa mafi yawan gwaje-gwajen da aka yi kan magunguna ne, alhali masu ciwon sun fi son a binciki tiyata, motsa jiki da hanyoyin jure ciwon. A 2004 aka kafa ƙungiyar James Lind Alliance a Birtaniya, wadda ke zaunar da marasa lafiya, masu jinyarsu da likitoci su fitar da tambayoyi 10 da suka fi damunsu kan kowace cuta.

Ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi za su iya amfani da waɗannan hanyoyi?

Su ne ma suka fi buƙatarsu, domin kuskure ɗaya a ƙaramin kasafi yana cinye rabon mutane da yawa. Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a 2014 yana kira ga ƙasashe su gina ƙwarewar tantance fasahar lafiya, kuma Tailan, wadda ta kafa cibiyarta ta tantance fasahar lafiya mai suna HITAP a 2007, ta nuna cewa ƙasa mai matsakaicin arziki na iya yi.

Abu biyu ke buƙatar kulawa. Na farko, iyakar kuɗin da za a iya biya don samun shekara ɗaya ta lafiya. An daɗe ana ɗaukar ninki ɗaya zuwa uku na kuɗin shigar kowane mutum a shekara, amma nazarce-nazarce na baya-bayan nan sun nuna cewa wannan ya yi yawa ga ƙasashe matalauta, kuma iyakar da ta yi sama tana kumbura darajar bincike a takarda. Na biyu, ba kowace tambaya ce sai ƙasa ta amsa da kanta ba. Yadda magani ke aiki a jiki yakan yi kama daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ana iya aron hujjar ko a haɗa kai a yi gwaji ɗaya, kamar AQUAMAT da aka yi a ƙasashen Afirka 9 da yara 5,425, wanda ya nuna a 2010 cewa atesunet ya rage mutuwa daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani zuwa kashi 8.5 cikin 100, inda kwinin ya tsaya a kashi 10.9. Abin da ba ya aruwa shi ne yawan masu cutar a ƙasa, kuɗin jinya a asibitocinta, da yawan mutanen da hidimar ke isa gare su. Lissafin EVPPI kan nuna wanne daga cikin waɗannan ne ke riƙe da shawarar, kuma tattara irin wannan bayani ya fi babban gwajin asibiti arha nesa ba kusa ba.